Bin Sawun Ruwa a Granada: Kundin Aiki daga Oktoba 2023

14 ga Oktoba, 2023

Yau wata goma sha ɗaya ke nan da zuwana Granada, a kudancin Sifaniya, kuma sai yau na tsayar da shawara a kan aikin da zan riƙa cike ranakun hutuna da shi. Kamar kowane baƙo, fadar Alhambra na fara nufa da na sauka. Na je sau uku a watannin farko, na karanta "Wa la galiba illallah" a jikin bango har na daina ƙirgawa, na fito da hotuna da wani irin ƙunci a zuciya. Daga baya na lura cewa duk sanin da na yi wa garin nan bai wuce shekara ɗaya ba, wato 1492, lokacin da sarkin ƙarshe na gidan Banu Nasr, Abu Abdullahi Muhammad wanda mutanen nan suke kira Boabdil, ya miƙa birnin ga sarakunan Kirista Fernando da Isabel. Wanda bai san gari ba sai ranar faɗuwarsa, daidai yake da wanda bai taɓa ganin mutum ba sai a wurin jana'izarsa.

Ƙaramin abu ne ya juya mini hankali. Kusa da lungun da nake haya a unguwar Albaicín akwai wani ɗan gini na jan tubali mai baka a gabansa da ƙaramar ƙofar ƙarfe a kulle, wanda nake wucewa kullum ina zaton ɗakin kayan lantarki ne. Dattijuwar da nake haya a gidanta, wadda ta haura shekara tamanin, ta yi dariya da na tambaye ta. Ta ce sunansa aljibe, rumbun ruwa ne da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma ita da kanta ta ɗebi ruwa a cikinsa da guga lokacin tana yarinya, kafin a kawo famfo cikin gidaje a tsakiyar ƙarnin da ya wuce.

Saboda haka aikin shi ne in nemo kowane rumbun ruwa na tsohon garin da ƙafata, in rubuta inda yake da halin da yake ciki da abin da aka sani game da shi, sa'an nan in bi ruwan da baya har inda yake fitowa. Jerin sunayen da na samu ba su daidaita ba, wani ya kawo 27 wani ya kawo 28, don haka na ɗauki mafi tsawon. Na kuma gindaya wa kaina sharaɗi guda, cewa ba zan rubuta shekara ko suna ba sai na same shi a wuri biyu, kuma abin da tsofaffi suka gaya mini zan ajiye shi daban a matsayin abin da aka gaya mini.

28 ga Oktoba, 2023

Fita biyu, rumbu shida. Na fara da na San Nicolás, wanda yake 'yan taku kaɗan daga dandalin da masu yawon buɗe ido suke cunkushewa don hango Alhambra da yamma, kuma a cikin rabin sa'ar da na yi a tsaye ban ga mutum ɗaya ya waiwaye shi ba. Daga nan na gangara zuwa na Tomasas, da na Trillo wanda bakansa ya fi duka waɗanda na gani kyau, da na San José, da na San Miguel Bajo mai ginshiƙai biyu na zamanin Rumawa da aka ɗauko daga wani tsohon gini aka sake amfani da su, sai na Salvador.

Tun daga sunayen mutum zai ga tsarin. Yawancin rumbunan suna jingine da coci, kuma dalilin a fili yake: cocin masallaci ne a da, rumbun kuwa na alwala ne da na shan unguwa. A San José abin bai ma ɓuya ba, domin hasumiyar masallacin tana nan tsaye tun ƙarni na 11, da duwatsunta na asali, an dai ɗora mata ɗakin ƙararrawa a ka. A cocin Salvador, wanda shi ne babban masallacin Albaicín kafin a mayar da shi coci a 1499, farfajiyar masallacin da bakunanta suna nan. Ke nan taswirar rumbunan ita ce taswirar masallatan unguwa, kuma wannan ya ba ni hanyar neman waɗanda suka rage, wato in duba bayan kowane tsohon coci.

Wani abin da ya ɗebe mini kewa a wannan yawo shi ne kalmomin. Aljibe daga al-jubb take, acequia mai nufin magudanar ruwa daga as-saƙiya, alberca daga al-birka, azud mai nufin madatsa daga as-sudd. Harshen Sifaniyanci ya haɗiye "al" ɗin Larabci tare da kalmar, kamar yadda Hausa ta yi da alƙalami da albasa da aljihu, har na kwana biyu ina tuntuɓen harshe tsakanin aljibe da aljihu, ko da yake tushensu daban ne. Malamar da ke koya mini harshen ta ce manoman nan ba sa jin waɗannan kalmomi a matsayin aro ko kaɗan, kuma na yarda da ita, domin ni ma ban taɓa jin albasa baƙuwa ba.

11 ga Nuwamba, 2023

Yau na shiga cikin rumbu a karo na farko. Aljibe del Rey, wato rumbun sarki, shi ne mafi girma a unguwar, yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita 300, kuma an mayar da gidan da ke kansa wurin baje kolin tarihin ruwa. Ɗakuna huɗu ne masu rufin baka, sanyi da ɗanshi sun cika su, kuma murya tana amsa kuwwa ko da raɗa mutum ya yi. An gina shi a ƙarni na 11, kusan shekara ɗari biyu kafin gidan Banu Nasr su fara gina Alhambra a 1238.

A nan ne na fahimci cewa na fara karatun garin daga ƙarshensa. Babban birnin wannan yanki a da shi ne Ilbira, a gindin wani dutse a arewa maso yammacin nan, a fili marar kariya. Da halifancin Kurɗuba ya wargaje, sai Zawi ɗan Ziri, shugaban wani reshe na Barbar ɗin Sanhaja, ya kwashe jama'a a wajajen 1013 ya hau da su wannan tudu. Tudu yana da daɗin tsaro amma ba ya da ruwa, domin kogin Darro yana can ƙasa cikin kwari. Abin da ya mayar da sansani birni shi ne magudanar da aka jawo daga wani idon ruwa a Alfacar, tafiyar kimanin kilomita 13, wadda take shigowa unguwar ta sama ta cika rumbunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ja ko an tura ba, gangara ce kawai take aikinta. Banu Ziri sun yi mulki har 1090 lokacin da Murabiɗun, wata daular Musulmi daga Maroko, suka tuɓe sarkin Banu Ziri na ƙarshe, Abdullahi ɗan Buluggin. Fadarsu babu ita yau, amma rumbun da suka gina yana nan ba tsaga.

Mai yi mana bayani ya ce ana sakin kififiya a cikin rumbunan domin ta cinye ƙwari da tsutsa. Da na koma gida na tambayi dattijuwa, ta ce ita ma ta ji haka amma ba ta taɓa ganin kififiyar da idonta ba, abin da ta sani shi ne kowane gida yana da babbar randa a binne a ƙasa, kuma akwai mutumin da aikinsa buɗe ruwa da rufe shi, wanda kowa yake lallaɓawa. Na sa maganar kififiya a shafin abin da aka gaya mini.

25 ga Nuwamba, 2023

Lissafi ya kai goma sha huɗu. Na San Cristóbal ya bambanta da sauran, domin sai an sauka matakala cikin rami mai zurfi kafin a kai bakinsa. Ɗaya kuma ya shige cikin wani gida mai zaman kansa, na ƙwanƙwasa sau biyu ba a buɗe ba, kuma ban ga laifin masu gidan ba, tunda unguwar ta gaji da baƙi masu leƙe. Mura ta kwantar da ni sauran makon.

9 ga Disamba, 2023

Na hau bas zuwa Alfacar da sassafe domin in ga mafarin ruwan. Mutanen wurin suna kiransa Fuente Grande, babban marmaro, amma sunan magudanar da ta fito daga cikinsa Aynadamar, daga Larabci, ma'anarsa idon hawaye. Mai jin Hausa ba ya bukatar a fassara masa wannan hikima, tunda mu ma idon ruwa muke cewa. Tafki ne ɗan madaidaici da aka kewaye da bango, sifarsa kamar ɗigon hawaye, ruwansa garau har ana ganin ƙasansa, kuma daga ƙasan ƙananan kumfa suna tasowa ba tsayawa. Ban ga wata ƙawa a wurin ba, kuma na daɗe a tsaye ina mamakin cewa wannan ɗan wuri shi ya shayar da birni kusan shekara dubu.

Na bi magudanar da ƙafa zuwa ƙauyen Víznar. Faɗinta bai fi taku ɗaya ba a wurare da yawa, tana bin ƙugun dutse a hankali, kuma inda kwari ya gitta an gina ƙananan gadoji domin ruwan sama mai laka ya wuce ta sama kada ya gurɓata na sha. Wannan dabara ta fi burge ni a kan duk wani ado da na gani a fada.

Sai dai ba abin da na je nema ba ne ya fi tsaya mini a rai. A kan wannan hanya, tsakanin Víznar da Alfacar, aka harbe mawaƙin nan Federico García Lorca a watan Agusta na 1936, a farkon yaƙin basasar Sifaniya, kuma har yau ba a gano gawarsa ba. A kwarin Víznar akwai kaburburan bai ɗaya na mutanen da aka kashe a wannan lokaci, kuma masu binciken jami'a suna tono su domin a gane ko su wane ne. Na tarar da wani mutum mai kimanin shekara saba'in da furanni a hannu, muka gaisa, ya ce kakansa yana cikinsu. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce ruwa nake bi tun daga zamanin Banu Ziri, sai ya gyaɗa kai ya ce kowa da matattunsa a wannan hanya. Na ji kunya ƙwarai, domin na zo ƙasar mutane ina ɗaukar hawayen da ke cikin sunan marmaron na Musulmin Andalus ne kawai, alhali masu wurin suna da nasu makokin da bai kai shekara casa'in ba, wanda har yanzu wasu iyalai ba sa iya zancensa a teburin cin abinci. Daga yau na ƙara shafi a kundin domin abin da ya faru a bakin ruwan bayan 1492, har zuwa jiya.

2 ga Janairu, 2024

Yau ce ranar da birnin yake bikin karɓe shi daga hannun Banu Nasr. Ana kaɗa tuta daga benen majalisar gari a dandalin Carmen, wasu suna tafi, wasu kuma suna ɗaga kwalaye suna cewa a daina bikin. Na tsaya daga nesa na ɗan lokaci na wuce. Ina da ra'ayi a kan al'amarin, amma baƙon da izinin zamansa yake da ranar ƙarewa gara ya saurara, kuma na lura 'yan garin da kansu sun ishi juna gardama.

Abin da ya shafi aikina a ranar shi ne ƙararrawar da ke kan hasumiyar Vela a Alhambra. A wannan rana ake barin jama'a su hau su buga ta, kuma akwai camfin cewa budurwar da ta buga za ta yi aure kafin shekara ta ƙare. Amma ainihin aikin ƙararrawar a ƙarnonin baya shi ne sanar da manoman fadamar Vega, da ke shimfiɗe a yammacin birni, lokacin da rabon ruwan wani ya ƙare na wani ya fara a cikin dare. Sababbin masu mulki ne suka rataya ta, amma rabon da take bugawa sun tarar da shi.

24 ga Janairu, 2024

Na ɗauki hutun kwana biyu daga wurin aiki domin in shiga ma'adanar takardun birni da ke fadar Córdova, a gangaren Chapiz. Ma'aikatan sun karɓe ni da haƙuri, ko da yake Sifaniyancina na kasuwa ne. Rubutun hannu na ƙarni na 16 ya gagare ni ƙwarai, haruffan a sarƙe suke kamar igiya, na yi sa'a uku a kan shafi ɗaya ban fitar da layi biyar ba, don haka na koma ga waɗanda masana suka kwafe suka buga.

Ga abin da na tabbatar. Yarjejeniyar miƙa birni da aka sa wa hannu a Nuwamba 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin addininsu da masallatansu da shari'arsu. Alkawarin bai kai shekara goma ba. A 1499 babban limamin Kirista Cisneros ya zo ya fara tilasta wa mutane baftisma, Albaicín ta yi bore a ƙarshen shekarar, aka ƙone littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla, kuma zuwa 1502 babu wanda doka ta yarda ya zauna a masarautar Kastila a matsayin Musulmi. A tsakiyar wannan ruguntsumi, a 1501, sarakunan suka kafa kotu ta musamman domin shari'ar ruwa a Granada, kuma abin da kotun ta dogara da shi shi ne al'adar da aka gada. Aka riƙa kiran tsofaffin da aka yi wa baftisma jiya-jiya suna ba da shaida a kan yadda ake rabon ruwa "a zamanin Musulmi", ana rubutawa ana mayar da shi doka.

A cikin waɗannan takardu na ga cewa ruwan Aynadamar na dare na rumbunan birni ne, na wasu sa'o'in rana kuma na gonakin da ke kan hanya, kuma ana auna sa'o'in da lokutan salla. Kalmar la'asar ta ma shiga rubutun da haruffan Sifaniyanci, marubucin yana bayyana ta da lokacin addu'ar yamma ta coci domin alƙali ya gane. An hana sallar, an bar lokacinta yana raba ruwa.

Ba na ganin wannan a matsayin karamci daga masu nasara. Littafi ana iya ƙone shi a kwana lafiya, amma wanda ya taɓa rabon ruwa a garin da rani yake ƙone ciyawa zai wayi gari da rikici a kowace gona da ƙishirwa a gidansa. Larura ce ta tsare wannan gado, kuma a ganina shi ya sa ya fi sauran daɗewa.

17 ga Fabrairu, 2024

Dole in gyara kuskure. A shafukan farko na rubuta kamar dukan rumbunan na zamanin Musulmi ne. Ba haka ba ne. Na Zenete, wanda na gani yau, an gina shi a 1517, shekara ashirin da biyar bayan faɗuwar birnin, da irin tubali da irin baka na sauran, ta yadda ido ba ya bambanta su. Haka ma babban rumbun da ke ƙarƙashin dandalin shiga Alhambra, gwamnan farko na Kirista, Conde de Tendilla, shi ya sa aka gina shi a 1494. Maginan dai su ne maginan, ko 'ya'yansu, sai dai mai biyan kuɗin ya canja.

Gidan wanka na Bañuelo da ke bakin Darro ya ƙara mini wannan darasi ta ɗaya ɓangaren. Ana danganta shi da ƙarni na 11, amma kawunan ginshiƙansa tsince-tsince ne, akwai na Rumawa, akwai na Bisigot waɗanda suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi, akwai na zamanin halifancin Kurɗuba. Kowane zuwa ya tarar da na gabansa ya ɗora a kai. Ginin ya tsira ne domin an gina gida a kansa, ya zama wurin wanki na unguwa, har Leopoldo Torres Balbás, wanda ya kula da Alhambra daga 1923 zuwa 1936, ya gyara shi.

Daga nan na bi Darro zuwa inda yake ɓacewa a ƙarƙashin dandalin Plaza Nueva. An rufe kogin da gini a hankali, mafi yawa a ƙarni na 19, yanzu motoci suna bi ta kansa a titin Reyes Católicos. A 1951 ya fasa rufin a dandalin Puerta Real bayan wani ruwa mai ƙarfi, kuma dattijuwa tana tuna ranar sarai. Lissafi ya kai ashirin.

30 ga Maris, 2024

Azumi da makon Ista sun haɗu a bana, kuma ruwan sama ya sauka kamar da bakin ƙwarya bayan fari mai tsawo, har aka fasa jerin gwanon coci da dama a faɗin Andalusiya. Maƙwabtana suna baƙin cikin jerin gwanon suna kuma murnar ruwan a numfashi ɗaya. Ina buɗa baki wasu ranaku a masallacin da aka buɗe a 2003 kusa da San Nicolás, kuma daga lambunsa ana ganin dusar ƙanƙara ta rufe duwatsun Sierra Nevada fiye da yadda na gani duk damina. Ban fita neman rumbu ba a wannan wata.

20 ga Afrilu, 2024

Wannan ce rana mafi amfani tun da na fara. Wani rukunin masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Granada yana haɗa 'yan sa-kai da ƙungiyoyin manoma domin yashe tsofaffin magudanai, sai na ba da sunana. Aka kai mu wani ƙauye a yankin Alpujarra, a kudancin Sierra Nevada, inda gidaje suke farare masu shimfiɗaɗɗen rufi na laka, suna hawa kan juna a jikin dutse. Muka yi tafiyar sa'a biyu zuwa sama da shebur da fartanya a kafaɗa.

Magudanar da muka yashe ba ta zuwa gona kai tsaye, kuma wannan ne ya ɗaure mini kai da farko. Ana kiran irinta careo. Idan dusar ƙanƙara ta fara narkewa, maimakon a bar ruwan ya gangara kogi ya tafi teku cikin 'yan kwanaki, sai a karkatar da shi a bi da shi ta ƙugun dutse, a sake shi da gangan a wuraren da aka san ƙasa tana sha. Ruwan ya nutse, ya bi tsagogin dutse a hankali, ya ɓullo a marmaro da ke ƙasa bayan makonni ko watanni, daidai lokacin da rani ya tsananta. Manoman suna kiran wannan shuka ruwa. Mai kula da magudanar, dattijo ne mai 'yan kalmomi, ya nuna mini wani fili mai ciyawa ya ce abin da aka zuba a nan a watan Afrilu shi ƙauye yake sha a Agusta, kuma ya san wane marmaro ne yake amsa wane fili, kamar yadda mahaifinsa ya sani.

Tambayar da ta dame ni a hanyar saukowa ita ce yadda wannan sani ya tsallake abin da ya faru a nan. A 1567 sarki Felipe na 2 ya hana zuriyar Musulmin da aka yi wa baftisma, waɗanda ake kira Morisko, magana da Larabci da sa tufafinsu da shiga gidajen wankansu. A jajibirin Kirsimeti na 1568 Alpujarra ta tashi a ƙarƙashin Aben Humeya, aka yi yaƙi mai muni har 1571, sa'an nan aka kwashe kimanin mutum 80,000 daga masarautar Granada aka warwatsa su cikin Kastila, kafin korar ƙarshe daga ƙasar baki ɗaya tsakanin 1609 da 1614. Ƙauyukan da suka zama kufai aka cika su da Kiristoci daga wasu yankuna. Mutanen nan suna cewa an bar gida biyu na Morisko a kowane ƙauye domin su koya wa sababbin zuwa sarrafa ruwa. Na ji wannan daga bakin mutum uku a rana ɗaya, kuma na sa shi a shafin abin da aka gaya mini. Ko yaya aka yi, dattijon da ya koya mini riƙon shebur yau jikan waɗanda aka kawo ne, kuma shi ne magajin aikin waɗanda aka kora. Da na ce masa magudanar ta Larabawa ce, sai ya ce ta ƙungiyar manoman ƙauyensu ce, kuma wanda bai fito yashe ba ba shi da rabo. Ban yi masa musu ba, domin shi yake kwana da ita.

Da rana muka zauna cin abinci muna fuskantar ƙololuwar Mulhacén, mai tsawon mita 3,479, wadda ta ɗauki sunan Mulay Hasan mahaifin Boabdil. Ba wanda ya tambaye ni daga ina nake sai bayan an gama aiki. Tafin hannuna duk ya yi bororo, kuma da aka buɗe madatsar muka bi kan ruwan da ƙafa yana tura busassun ganye a gabansa har ya wuce inda muka tsaya.

11 ga Mayu, 2024

Lissafi ya tsaya a ashirin da uku cikin ashirin da takwas. Biyu suna cikin gidajen mutane, kuma dattijuwa ta yi alkawarin yi mini magana da masu ɗaya daga ciki, tunda ta san uwar matar gidan. Ɗaya yana wajen Albaicín a tsallaken Darro, wato na Rodrigo del Campo, ɗaya kuma na tsohon babban masallacin birni ne, kusa da ɗakin da aka binne Fernando da Isabel, inda na sha wucewa ban lura ba. Na ƙarshen har yanzu ban gane ko suna biyu ne na rumbu ɗaya ba, kuma wataƙila wannan ne asalin saɓanin 27 da 28.

Saura kuma rabin magudanar Aynadamar, daga Víznar zuwa El Fargue inda masana'antar albarushi ta daɗe tana amfani da ruwan, sa'an nan daga can zuwa ƙofar Fajalauza inda take shiga unguwa. Wannan ɓangare na ƙarshe ya daɗe a bushe, amma an yashe wani yanki nasa kusa da harabar jami'a ta Cartuja, kuma waɗanda muka yi aiki tare a Alpujarra sun ce za su nuna mini inda ake shiga. Ina so in gama shi kafin zafin Yuli.

Dattijuwa ta amince in ɗauki muryarta, da sharaɗin kada in sa sunanta kuma kada in zo lokacin barcin rana. Na tsara tambayoyi goma sha biyu, ta duba ta ce in soke rabi, domin ba a kan sarakuna za ta yi magana ba, a kan layin ɗiban ruwa ne da wanda yake tsallake shi. Mun sa ranar Talata da ƙarfe shida na yamma, kuma sai na sayo sabon batir kafin nan.